Ranar Da Na Taɓa Dutse Na Ce Ya Bushe

Da farko ina godiya ga kwamitin wannan littafi na ƙarshen shekara da suka ba ni fili. An ce in rubuta abin da ba zan manta da shi ba a zamana na shekara shida a wannan makaranta. Na so in rubuta a kan gasar ƙwallo ko muhawarar da muka ciwo, to amma duk lokacin da na ɗauki biro sai abu guda ya tsaya mini a rai. Wanda ya san ajinmu, idan ya buɗe shafin hoton 'yan aji shida, zai ga babu mutum ɗaya daga cikin waɗanda muka shigo tare. Bai rasu ba, ba a kuma kore shi ba. Yana nan a aji biyar yana maimaitawa, kuma ni ne sanadi. Shi da kansa ya ce in rubuta, amma kada in faɗi sunansa.

Ni mutumin Rijiyar Zaki ne a jihar Kano. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, gona na bin gona, ga kuka ga ɗorawa ga gawo, ba wani tudu da ya fi shuri ko tsibin taki. Kafin in zo makaranta, abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne rumbun kakana, sai kuma dutsen Dala da wani kawuna ya kai ni ran sallah. Ƙanƙara kuwa iri biyu na sani: wadda kan zubo tare da ruwan sama jefi-jefi mu bi muna tsinta, da wadda ake sawa a zoɓo. Saboda haka ranar da malaminmu na labarin ƙasa ya ce a nan Afirka, a Tanzaniya, akwai dutse mai suna Kilimanjaro, tsayinsa mita 5,895, wanda dusar ƙanƙara ke kwance a kansa alhali a gindinsa ana noman ayaba, sai ajin ya fashe da dariya. Malam bai ji haushi ba. Ya ce ba mu ne farkon masu musu ba, don a 1848 da wani Bajamushe mai suna Johannes Rebmann ya hango farin abin ya kai labari, wasu masana a Ingila cewa suka yi idonsa ne ya ruɗe shi. Ya bayyana mana cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri shida da rabi, kuma dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne kawai, shi ya sa ba mu da rabon dusar. Tun daga ranar sha'awar hawan dutse ta shige ni. Da aka zo zaɓen shugaban ƙungiyar labarin ƙasa, ni aka zaɓa.

A watan Yuni na 2024, muna aji biyar, ƙungiyar ta shirya ziyara zuwa dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa a Zariya. Kowa ya biya kuɗin mota da na abinci. Ni dai sai da Baba ya sayar da wake kafin nawa ya cika, kuma wannan ya zauna mini a rai fiye da yadda na zata. Mun isa da yamma, aka ba mu masauki a wata makaranta. Ba mu gama cin abincin dare ba hadari ya taso daga gabas, aka kece da ruwa, bai ɗauke ba sai can wajen ukun dare. Da gari ya waye sama ta yi wasai, rana ta fito tas, dutsen na ƙyalli. Muka yi ta murna, muna cewa an wanke mana hanya.

Malam kuwa ba ya nan. Ashe tun da asuba ya fita shi kaɗai da sandarsa. Wajen ƙarfe takwas sai ga shi ya dawo, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya tara mu ya ce, "Yau ba za mu hau sama ba. Za mu zaga gindin dutsen, mu ga ragowar tsohuwar ganuwa, mu ɗebi samfurin duwatsu, mu koma gida."

Wuri ya yi tsit, sannan gunaguni ya tashi. Ni a matsayina na shugaba na ga ya kamata in yi magana. Da muka isa gindin dutsen na je na ɗora tafin hannuna a jikinsa, na ji shi a bushe, har da ɗan ɗumi. Na ce, "Malam, a taɓa a ji, ai ya bushe."

Ya ce, "Yarona, inda rana ta duba ka taɓa. Ɗaga kanka. Ka ga baƙaƙen layukan can da suka gangaro daga sama? Hanyar ruwa ce. Ruwan jiya yana nan cikin tsaguwa da tushen ciyawa, zai yi ta tsiyaya har gobe. Gansakukar da ke kansu in ta bushe kamar tabo ce, in ta jiƙe ta fi kuɓewa santsi. Na hau na taka da kaina." Sannan ya buga sandarsa a wani wuri, muka ji ƙara kamar ta ganga. Ya ce irin wannan dutse ɓawo yake yi kamar albasa, akwai falle a sama wanda ƙarƙashinsa rami ne, kuma ruwa ya shiga. Daga nan ya nuna gabas ya ce bai yarda da la'asar ɗin yau ba, kuma ba a son tsawa ta sami mutum a kan dutse tsirara.

Duk na ji abin da ya faɗa. Ina so wannan ya fito fili, don daga baya wasu sun yi ta kāre ni suna cewa rashin sani ne. Ba rashin sani ba ne. Abin da ke raina shi ne waken Baba, da tafiyar da muka sha, da kuma ƙannena da na yi wa alkawarin hoto daga ƙololuwa.

Da aka zauna cin abincin rana a inuwa, Malam yana can yana lissafi da direba, sai na yafito abokina. Tun aji ɗaya gadonmu ke kusa da juna, kuma shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ajinmu. Na ce mu hau ko rabi ne, mu ɗauki hoto mu dawo kafin a farga. Ya ce, "Kai, Malam fa ya hana." Na ce, "Ai na taɓa da hannuna, ka gani. Yanzu kuma rana ta ƙara awa huɗu a kai." Ya dubi takalminsa, sandal ne wanda ƙasansa ya suɗe, ya dubi nawa na kambas, sannan ya tashi ya biyo ni.

Hawa bai ba mu wuya ba, kuma wannan shi ne yaudarar dutse. Mai hawa fuskarsa na kallon inda zai taka, nauyinsa na kan yatsun ƙafa. Mai saukowa nauyinsa na kan dunduniya, ƙasa kuma na jan sa. Mun kai wani faffaɗan wuri, muka hango Zariya shimfiɗe, muka ɗauki hotonmu. A saukowa muka kauce wa hanyar da muka bi da fari ba mu sani ba, sai ga ɗaya daga cikin baƙaƙen layukan nan a gabanmu, faɗinsa bai fi taku biyu ba. A ido a bushe yake. Ni na yi tsalle na haye. Shi ya taka. Ban ji ya yi ihu ba, ƙarar sandal kawai na ji, na waiwaya na gan shi yana sulalewa a kan bayansa yana neman abin kamawa babu, har ya je ya faɗa cikin wata tsaguwa, ƙafarsa ta dama ta maƙale jikinsa ya wuce. Ƙarar da ƙashin cinyarsa ya yi har yau ina jin ta.

Ban san yadda na sauko ba. Malam bai ce mini komai ba, ya cire takalmansa ya hau ba takalmi, wasu manoma biyu da ke aiki a gindin dutsen suka bi shi. Da sanduna da mayafi suka ɗaure ƙafar, suka yi makara da bargo, suka sauko da shi a hankali, taku ɗaya-ɗaya, sun fi awa guda. Ana saka shi a mota iska ta taso daga gabas. Kafin mu kai asibiti ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

An yi masa aiki an sa ƙarfe, daga baya ciwon ya yi ruwa aka sake buɗewa. Jarrabawar ƙarin aji ta wuce shi, zangon farko na sabuwar shekara ma yana gida. An dakatar da ni mako biyu, aka karɓe shugabancin. An kuma hana ƙungiyar fita har shekara ta ƙare, kuma na ji cewa Malam ya sha tambayoyi a gaban hukumar makaranta a kan laifin da ba nasa ba.

Da na dawo, na je ofishinsa in ba da haƙuri, ina jiran bulala. Sai ya ce horona shi ne in je in karanta yadda masu hawan manyan duwatsu ke duba dusar ƙanƙara kafin su hau, in zo in yi wa ƙungiya bayani na minti talatin. Na ce, "Malam, ai mu ba mu da dusar ƙanƙara." Ya ce, "Je ka dai karanta."

Wata guda na yi tsakanin laburare da ɗakin kwamfuta. Abin da na fara ganowa shi ne dusar ƙanƙara ba dunƙule ɗaya ba ce. Kowane zubowa na yin shimfiɗarsa, wata a kan wata. Wata ta daskare ta yi tauri, wata kuma sanyi ya mai da ita tsaba-tsaba kamar sukari, ba ta kama komai. Idan shimfiɗa mai tauri ta hau kan mai kama da sukari, sama za ta yi kyau, ta ɗauki mutum, amma nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinka ta, sai falle guda mai faɗin fili ya zame gaba ɗaya da duk wanda ke kai. Wannan shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Ta fi faruwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma a mafi yawan haɗurran, wanda abin ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. Da na karanta wannan sai da na rufe littafin na ɗan fita waje.

Shi ya sa tun kafin su bar gida suke tambayar abin da ya faru kwanakin baya, ba na yau kaɗai ba: dusa nawa ta zubo, daga ina iska ta kaɗa, an yi ɗumi ko ba a yi ba. Iska na kwashe dusar daga wannan gefen dutse ta jibge ta a wancan, kamar yadda iskar hunturu ke tara rairayi a bayan danga, kuma wannan jibgin shi ne mugun wuri. A Suwizalan akwai cibiyar bincike a garin Davos da ke fitar da sanarwar haɗari kowace rana a lokacin sanyi, a kan ma'auni mai mataki 5 da ƙasashen Turai suka amince da shi a 1993. Abin mamaki, ba a mataki na 5 aka fi mutuwa ba, a na 3 ne. A na 5 kowa na gida. A na 3 kuwa sama wasai take, dutse na ƙyalli, mutum ya ce ai da dama-dama.

In sun isa wurin kuma sai su haƙa. Mutum zai sa shebur ya yi rami a cikin dusar, ya bi bangon ramin da yatsa yana jin inda ke da tauri da inda ke da laushi. Sannan ya yanka wani ginshiƙi, ya ɗora shebur a kansa ya riƙa bugawa, sau 10 a hankali daga wuyan hannu, sau 10 daga gwiwar hannu, sau 10 daga kafaɗa, yana kallon lokacin da zai tsage. In ya tsage da wuri, an fasa. Suna kuma sauraron ƙasa: in suna tafiya suka ji dusar ta yi "dum" ta ɗan nutse, ko tsaga ta ruga daga ƙafarsu, komawa suke yi. Da yawa kan tashi tun tsakar dare, don su hau su sauko kafin rana ta sassauta abin da sanyin dare ya ɗaure. Duk da haka kowa na ɗauke da shebur da doguwar sandar lalube da wata 'yar na'ura mai nuna inda aka binne mutum, domin wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa mafi yawa sun tafi.

Labari biyu na kai wa ƙungiya. Na farko na Hans Meyer ne, Bajamushe, wanda a 1887 ya kai har bakin ƙanƙarar Kilimanjaro, ya ga ba shi da kayan da zai taka ta, ya juya. Daga Jamus fa ya taso, ba daga Kano zuwa Zariya ba. A 1889 ya dawo da gwanin hawa Ludwig Purtscheller da gatarin ƙanƙara da igiya, suka kai ƙololuwa ran 6 ga Oktoba. Na biyu shi ne ya fi tsaya mini. A 1922 Turawan Ingila suka je hawan Eberest, dutse mafi tsawo a duniya, mita 8,849. Sun gwada sau biyu ba su kai ba, damina na gabatowa, sabuwar dusa ta zubo da yawa. George Mallory da abokansa biyu suka ce a sake gwadawa, suka ɗauki 'yan dako 14. Sun gwada dusar a ƙasa-ƙasa, suka ga ta kama, suka ci gaba da natsuwa. Ran 7 ga Yuni, can sama, gangaren ya tsinke. 'Yan dako bakwai suka mutu, Turawan uku suka tsira, kuma Mallory ya ɗora wa kansa laifin. Da na zo nan a bayanina sai murya ta ƙi fita. Su ma sun duba. Sun taɓa wuri ɗaya, ya gaya musu abin da suke son ji, waɗanda suka biyo su kuma su ne suka biya. Malam yana zaune a bayan aji, bai taimake ni ba, ya bari har na iya ci gaba da kaina.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne duk wannan na san shi tun ina ƙarami, a gonarmu. Idan ruwan farko ya sauka a Rijiyar Zaki, yara kan ɗauko sungumi suna ɗoki, amma Baba ba ya bari a taɓa iri. Da sassafe zai shiga gona ya tona da hannu, ba wuri ɗaya ba, ya tona a kwari, ya tona a jigawa, ya tona a gindin gawo. In ya tarar da busasshiyar ƙasa kafin hannunsa ya nutse, sai ya kakkaɓe ya ce wannan ba ruwan shuka ba ne, ko da saman gonar ya yi baƙi ƙirin da laima. Iri zai tsiro, saiwa ta tarar da ƙura, rana ta ƙone shi.

Lokacin da aka dakatar da ni, na tarar da shi yana noman farko. Ya riga ya ji komai, har ya je asibiti ya gaida mahaifin abokina. Na ɗauki fartanya na shiga kunya kusa da tasa. Mun yi nisa kafin ya ce, "An ce ka duba dutsen." Na ce, "Na duba, Baba." Ya ce, "Kafin ka yanke shawara ko bayan ka yanke?" Ban amsa ba. Can sai ya ba ni labarin wata shekara, ni ina goye, da ya tona ya ga ƙura da idonsa, amma ya ɗaga kai ya ga maƙwabta duk sun fita shuka, sai ya koma ya tona a kwari inda ya san zai sami danshi, ya ce ai ya isa. Irin gero na shekara guda ya ƙone, sai rance ya ci ya sake shuka. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar, kuma bai sake tayar da maganar waken ba.

Abokina ya dawo makaranta a zango na biyu da sanda, yanzu ya ajiye ta, sai dai in an yi sanyi yana ɗan ɗingishi, kuma likita ya ce ya manta da tsaron gida tukuna. Makonnin farko ba ya yi mini magana, ni ma ba na iya haɗa ido da shi. Ni nake kai masa littattafaina na aji biyar in ajiye a kan gadonsa in fita. Wata rana na zo fita ya ce, "Kai, rubutunka ba ya karantuwa, zauna ka karanta mini." Daga nan muka ci gaba.

Hoton da muka ɗauka a kan Kufena yana nan, ban nuna wa ƙannena ba. An ɗage wa ƙungiya takunkumi, kuma Malam ya ce in an sake zuwa, da rani za a je, cikin Disamba. Na roƙa a bar ni in bi su ko da na gama makaranta, ya ce zai duba. Abokina ya riga ya sa sunansa. Ya ce ba lalle ya hau ba, amma shi zai raka Malam fitar asuba, kuma ya sa na yi masa alkawarin takalmin kambas lamba 43.